Yadda Ɗalibi Zai Zauna, Ya Yi Tafiya, Ya Gudanar da Binciken Raya Karkara a Wata Ƙasa

A shekarar 1983, Robert Chambers na Cibiyar Nazarin Ci Gaba da ke Jami'ar Sussex a Ingila ya yi bayani a kan wata cuta da ta daɗe tana cin masu aikin raya karkara. Baƙo zai zo ƙauye a mota da rani, lokacin da hanya take da kyau, ya tsaya a garin da ke bakin kwalta, ya gana da shugabanni da masu hali waɗanda galibinsu maza ne, a zaga da shi gonar gwaji da aka share saboda zuwansa, sannan ya koma birni kafin faɗuwar rana ya rubuta rahoto a kan talakawan da bai sa su a ido ba. Ɗalibin da zai bar ƙasarsa ya tafi wata domin bincike ya fi kowa kusa da faɗawa wannan rami, domin guzurinsa kaɗan ne, lokacinsa ƙayyadadde ne, harshen wurin kuma ba nasa ba ne. Matakan da ke biye manufarsu ɗaya ce: ka isa ga mutanen da ke nesa da hanya, ka daɗe a cikinsu har su saba da kai, ka kuma dawo da lafiyarka da bayanan da za ka iya tsayawa a kansu gaban kowa.

Mataki na farko: tambaya da mai masauki

Ka tsayar da tambayar bincikenka kafin ka tsayar da ƙasa. "Talauci a karkara" fage ne mai faɗi da ba a gama shi a wata uku, amma idan ka ce kana son sanin dalilin da ya sa matan da suka karɓi rancen ƙungiya a wata gunduma suke sayar da awakinsu kafin girbi, to ka san wa za ka tambaya, da inda za ka same shi, da watan da ya kamata ka je.

Bayan haka sai ka nemi mai masauki, wato jami'a ko cibiyar bincike ko ƙungiya a ƙasar da za ta karɓe ka a rubuce. Cibiyoyin binciken noma na duniya sun saba karɓar ɗalibai, irin su ICRISAT mai binciken amfanin gonar yankunan da ke da ƙarancin ruwan sama, da ke kusa da Hyderabad a Indiya, da IRRI mai binciken shinkafa a Los Baños ta Filifin, da CIMMYT mai binciken masara da alkama a Meziko, da ILRI mai binciken dabbobi a Nairobi da Addis Ababa. Akwai kuma manyan ƙungiyoyin yaƙi da talauci kamar BRAC, wadda aka kafa a Bangladesh a 1972. Ka fara rubuta wasiƙa da saura wata tara ko shekara guda, ka aika wa mutum takamaimai wanda ka karanta aikinsa, ka gaya masa abin da kake nema da abin da za ka amfane su da shi. A daidai wannan lokaci ne kuma ake neman tallafin kuɗi daga irin su DAAD ta Jamus ko shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, domin ranakun rufe karɓar takardunsu sukan zo da wuri. Idan an amince, ku yi yarjejeniya a rubuce a kan wanda zai duba aikinka a can, da wanda ya mallaki bayanan da za ka tattara, da sunayen da za su fito idan an wallafa sakamakon. Yawancin saɓanin da ke tashi bayan an dawo a nan aka shuka shi.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Jami'a takan ba ɗalibi hutun da ya dace da kalandarta, gona kuma tana bin tata kalandar. Damina a yawancin Indiya daga Yuni ce zuwa Satumba. A sassa da dama na Kenya da arewacin Tanzaniya ruwa sau biyu yake zuwa, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarami daga Oktoba zuwa Disamba. A Malawi watannin farkon shekara, kafin girbin masara, su ne lokacin da rumbuna suke yin ƙasa, a arewa maso yammacin Bangladesh kuwa lokacin ƙunci da suke kira monga yakan faɗo tsakanin Satumba da Nuwamba. Wanda ya je bayan girbi zai tarar da mutane a ƙoshe, suna da lokacin hira, amma ba zai ga bashi da cuta da sayar da kadara ba. Wanda ya je tsakiyar damina zai ga waɗannan duka, sai dai manomi ba zai bar noma ya zauna masa awa biyu ba, kuma wata hanyar ba za ta biyu ba. A ganina, idan hali ya yi, gara a tsara zaman ya ratsa yanayi biyu, ko da zai zama ƙarshen wannan da farkon wancan. Idan bai yiwu ba, ka rubuta a kundinka ƙarara wane yanayi ka gani, kada mai karatu ya ɗauka shekarar duka haka take.

Mataki na uku: takardu

Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar da za ka dawo, domin ƙasashe da yawa haka suke sharɗantawa. Kada ka shiga da bizar yawon buɗe ido kana nufin yin bincike, ko da wani ya ce maka kowa haka yake yi. Idan aka gano, ana iya korarka, mai masaukinka ya shiga matsala, ɗaliban da za su zo bayanka kuma a rufe musu ƙofa. Ƙasashe da dama suna da hukumar da ke ba da izinin bincike, kamar COSTECH a Tanzaniya, da NACOSTI a Kenya, da UNCST a Yuganda, kuma fitowar izinin takan ɗauki makonni ko watanni. Galibi za a nemi tsarin bincikenka, da wasiƙar mai masauki, da shaidar cewa kwamitin ɗa'ar bincike, wato wanda ke tabbatar da cewa binciken ba zai cutar da mutane ba, ya duba aikin, wani lokaci na jami'arka da na ƙasar duka biyu. Idan za ka fitar da iri ko ganye ko wani samfurin halitta, ko za ka tattara ilimin gargajiya da ya shafe su, ka sani akwai Yarjejeniyar Nagoya wadda ta fara aiki a 2014, kuma izininta daban ne. Kowace takarda ka yi mata kwafi uku, ka ɗauki hotonta a waya, ka bar kwafi ɗaya a hannun wani amintacce a gida.

Mataki na huɗu: lafiya

Ka ga likitan da ya san harkar matafiya da saura mako shida zuwa takwas, saboda wasu alluran sai an maimaita su. Katin shaidar rigakafin shawara yana fara aiki ne kwana goma bayan allurar, kuma tun daga Yulin 2016, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, katin allura ɗaya yana aiki har tsawon rai. Idan wurin akwai zazzaɓin cizon sauro, likita zai zaɓa maka maganin kariya, kuma kowanne da ƙa'idarsa: ana fara doxycycline kwana ɗaya ko biyu kafin shiga yankin, a ci gaba da sha mako huɗu bayan an fito, atovaquone-proguanil kwana bakwai ne bayan fitowa, mefloquine kuwa ana fara shi makonni kafin tafiya, kuma ba ya dacewa da wanda ya taɓa fama da matsalar damuwa. Magani ba ya ɗauke maka gidan sauro mai feshi. Duk zazzaɓin da ya kama ka, ka je a gwada jininka cikin awa 24, kada ka tsaya jiran ya sauka da kansa.

Ruwan sha ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafasa sosai, ko minti uku idan kana saman tudun da ya haura mita 2,000. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. Idan ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta yana tsayawa a madadinsa. Kada ka yi wanka ko ka tsoma ƙafa a tafki ko magudanar ban ruwa a yankin da ake tsargiya, domin tsutsar ta fata take shiga, kuma wannan gargaɗi ya fi shafar mai binciken noman rani, wanda aikinsa a bakin ruwa yake. Idan kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa tsawon minti 15, ka nufi asibiti a ranar. Mai zuwa tsaunukan Nepal ko Andes ko Habasha ya hau a hankali idan ya wuce mita 2,500.

Abin da ɗalibai suka fi rainawa shi ne hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ka sayi hular kwano taka ta kanka idan babur za ka riƙa hawa, ka haƙura da tafiyar dare ko da za ta sa ka kwana a hanya, ka kuma karanta takardar inshorarka ka tabbata ta haɗa da ɗauko ka daga ƙauye zuwa babban asibiti, domin wasu ba sa biyan raunin babur.

Mataki na biyar: kuɗi da kaya

Kasafinka ya haɗa da ladan tafinta, da sufuri, da kuɗin izini, da wani kaso da za ka ware saboda abin da ba a zata ba. Ka raba kuɗinka wuri biyu ko uku, ka riƙe ƙananan takardu, ka sayi layin wayar ƙasar a makon farko. A Kenya M-Pesa, a Bangladesh bKash, sun sauƙaƙe biyan kuɗi ta waya har a ƙauyuka. Ka sauke taswirar yankin a waya yadda za ta buɗe ba tare da intanet ba, ka tanadi batirin ajiyar caji da ƙaramin farantin sola da tocila. Manhajojin cike takardar tambayoyi a waya, irin su KoboToolbox da ODK, suna karɓar amsoshi babu intanet, su tura idan an samu. Duk da haka ka tafi da littattafan rubutu masu kauri da fensir, domin fensir ba ya narkewa idan ruwa ya taɓa takarda.

Mataki na shida: shiga gari

Wannan mataki ne ya fi buƙatar haƙuri, kuma shi ne ɗalibai suka fi yi wa gaggawa. Ka bi matakan hukuma daga sama zuwa ƙasa: ofishin gunduma, sannan malamin gona ko jami'in yankin, sannan shugaban garin, kana nuna wasiƙarka a kowane wuri. Ka sanar da ofishin jakadancin ƙasarku inda kake. A gaban shugaban gari ka faɗi ko kai wane ne cikin kalmomi kaɗan: ɗalibi ne kai, ka zo koyo, ba ka kawo rijiya ko taki ko rance ba, kuma za ka yi wata kaza. Wannan magana za ka maimaita ta sau da yawa, domin baƙon da ya sauko daga mota mai tambarin ƙungiyar agaji ana ɗaukarsa mai rabo ne, kowa kuma zai ba shi amsar da yake ganin za ta sa a rubuta sunansa. Saboda haka, idan za ka iya, ka riƙa shiga da ƙafa ko a keke ko a motar haya irin wadda mutanen wurin suke hawa.

Ka kwana a garin. Binciken ƙauyuka da ICRISAT ta fara a 1975 a ƙauyuka shida na Indiya ya shahara ne saboda masu tattara bayanan a cikin ƙauyukan suke zaune, suna komawa gidajen da suka saba zuwa a kai a kai tsawon shekaru. Wanda ya kwana shi ke ganin wa ya fita da asuba neman aikin ƙodago, da gidan da ba a hura wuta ba da dare. Sai dai ka lura da gidan da za ka sauka, domin idan ka sauka a gidan mai arzikin gari ko na wani ɓangare da ke rikici da wani, akwai ƙofofin da za su rufu ba tare da an gaya maka dalili ba. Ka shawarci mutum fiye da ɗaya kafin ka zaɓa, ku daidaita kuɗin ɗaki da na abinci tun ranar farko, kuma idan addininka ko lafiyarka sun hana ka wani abinci, ka faɗa cikin ladabi tun kafin a ɗora tukunya.

Makon farko, har ma na biyu, kada ka fito da takardar tambayoyi. Ka koyi gaisuwa da ƙirge da sunayen amfanin gona da harshen wurin, ka je kasuwa, ka bi mutane gona, ka lura da suturar da ake girmamawa ka sa irinta. Ɗaliba kuma ta nemi wata dattijuwa da ake ji da ita a garin ta zama kamar uwa gare ta, ta tambaye ta wuraren da mace ke zuwa da lokutan da ba a fita. A madadin wannan taka-tsantsan, ɗaliba takan shiga cikin gidaje ta ji abin da namiji ba zai taɓa ji ba.

Mataki na bakwai: tafinta da ma'auni

Tafinta shi ne kunnenka da bakinka, don haka kada ka ɗauki na farkon da aka miƙo maka ba tare da tunani ba. Ɗan shugaban gari yana iya zama ya fi kowa iya harshe, amma wanda ke bin ubansa bashi, ko wanda ubansa ke bi, ba zai saki jiki a gabansa ba. Idan za ka yi hira da mata, ka nemi tafinta mace. Ku zauna kwana biyu ko uku kuna bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan ka sa wani mutum daban ya mayar da fassarar zuwa harshen da ka rubuta ta da shi, ka ga inda ma'ana ta zame. Ka roƙi tafinta ya riƙa faɗa maka duk abin da aka ce. Idan dattijo ya yi magana mai tsawo aka ce maka "ya ce e", to abin da ka zo nema yana cikin abin da aka zubar. Ka gwada tambayoyin a wani gari na kusa kafin ka fara na gaskiya.

Ma'auni ma harshe ne. A Indiya girman bigha, wato ma'aunin fili, ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Habasha timad shi ne filin da shanun huɗa biyu za su nome a yini, kusan rubu'in hekta. Binciken Bankin Duniya ya nuna cewa masu ƙananan gonaki sukan ƙara girman gonarsu idan an tambaye su, masu manya kuma su rage, saboda haka ka zaga wasu gonakin da na'urar auna wuri ta tauraron ɗan'adam, ka kuma ɗora buhu da kwano a kan sikeli ka san nauyinsu. Lokaci ma haka ne: a ƙirgen Suwahili ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja", wato awa ta ɗaya, don haka wanda ya ce ku haɗu "saa mbili" ƙarfe takwas yake nufi. Kalandar Habasha wata 13 gare ta kuma tana bayan ta Miladiyya da shekara bakwai zuwa takwas, ta Nepal kuwa tana gaba da kusan shekara 57.

Mataki na takwas: tattara bayanai

Kafin kowace hira ka nemi yardar mutum, ka gaya masa abin da za a yi da maganarsa, da cewa yana da damar ƙin amsawa ko ya tashi a tsakiya. Inda mutane ke tsoron sa hannu a takarda, ka nemi kwamitin ɗa'a ya amince maka da yarda ta baki tun kafin ka taso. Hoto ma sai da izini, yaro kuma sai da yardar mai kula da shi. Sunaye ka mayar da su lambobi, ka ajiye jerin sunayen a wuri daban.

Ban da takardar tambayoyi, akwai hanyoyin da mutanen gari ke yin nazarin da kansu. Ka tara mata takwas ko goma a inuwa, ka roƙi ɗaya ta ja layuka a ƙasa da tsinke gwargwadon watanni ko yanayin shekararsu, ka zube tsakuwa a gefe, ka ce su zuba da yawa a watan da abinci ya fi ƙaranci. Wata za ta zuba bakwai, wata ta miƙa hannu ta kwashe biyu ta mayar wata na gaba, gardama ta kaure, ta uku ta tuna musu cewa a watan ne ake biyan kuɗin makaranta. Kai naka shi ne ka ja da baya ka yi shiru kana rubuta gardamar, domin ta fi adadin tsakuwar amfani. Haka za ka sa su zana taswirar garin su nuna kowane gida, daga nan ne za ka gano gidajen bayan gari, da na gwauraye da baƙin haure da masu naƙasa, waɗanda babu wanda zai kai ka wurinsu sai ka tambaya. Ka ratsa garin da ƙafa daga wannan iyaka zuwa waccan tare da mutum biyu da suka san ƙasar, kana tambayar duk abin da ka gani. Duk wata magana mai nauyi, kamar rikicin fili ko rabon taki, kada ka rubuta ta a matsayin gaskiya sai ka ji ta daga bakuna uku da ba su da alaƙa.

Kowane dare, komai gajiya, ka zauna ka rubuta abin da ka gani da abin da ka ji, ka ware abin da aka faɗa daga abin da kai ka fahimta. Ka duba takardun ranar tare da tafinta tun ana iya komawa a gyara. Duk mako ka kwafe bayananka wuri biyu, ka aika wa malaminka taƙaitaccen rahoto. Kaɗaici da kewar gida za su zo, musamman idan ɗokin farko ya wuce. Ka ware rana ɗaya a mako ta hutu, ka kira gida, kuma kullum wani ya san inda ka nufa da lokacin da ake sa ran dawowarka.

Za a roƙe ka abubuwa, wasu kuma buƙatu ne na gaske masu taɓa zuciya. Ka tambayi mai masaukinka abin da aka saba yi wajen saka wa wanda ya ba da lokacinsa, ka yi wa kowa daidai. Alkawari kaya ne, don haka kada ka ce za ka nemo musu tallafi alhali ba ka da ikon haka.

Mataki na tara: sallama da abin da ke bayanta

Da saura mako guda ka tashi, ka tara mutanen ka gaya musu abin da ka fahimta, da harshensu, ba tare da ambaton wanda ya faɗi me ba, ka ba su dama su gyara maka. Sau da yawa a wannan zama ne wani zai ɗaga hannu ya warware kuskuren da ka yi wata biyu kana ɗauke da shi. Ka biya duk wanda ke binka, ka rubuta wa tafinta takardar shaidar aiki da za ta amfane shi gaba, ka bi ofisoshin da ka gaisar da farko ka yi musu sallama.

Idan ka isa gida, ka ƙarasa maganin kariyar zazzaɓi har ƙarshen kwanakinsa, kuma duk zazzaɓin da ya taso a watannin da ke biye ka gaya wa likita ƙasar da ka fito. Wanda ya taɓa ruwan tafki ya je gwajin tsargiya bayan kimanin wata uku. Hukumomin da ke ba da izini galibi suna sharɗanta a miƙa musu kwafin rahoton ƙarshe, sai ka aika musu, ka aika wa mai masaukinka nasa. Sannan ka rubuta shafi biyu cikin sauƙaƙan kalmomi, ka biya tafinta ya fassara, a buga hotunan da aka ba ka izinin ɗauka, ka nemi wanda zai kai su garin hannu da hannu ya karanta wa mutane a wurin da kuka yi zaman ƙarshe.